Maƙeran Minjibir da Ƙarfen da Ya Sake Sana'a

Kusan duk fartanyar da ke rataye a kafaɗar manomi a Kunya, ko Kantama, ko Wasai, ta taɓa zama wani abu dabam kafin ta zo gona. Wata sifirin babbar mota ce da ta sha ɗaukar kaya har ta karye. Wata gefen tankin ruwa ce. Wata kuma guntun ƙarfe ce daga injin wata masana'anta da aka rufe a Bompai tun mai fartanyar yana goye. A ƙasar Minjibir yau ba a haƙo tama, balle a narka ta. Duk ƙarfen da ya shigo rumfar maƙeri, wani ya riga shi sarrafa shi, a wata ƙasa, don wani aiki. Shi nasa shi ne ya karɓe shi a yadda ya zo, ya sauya masa sana'a.

Akwai masu ganin wannan faɗuwa ce. Sukan ce kakanni sun fitar da ƙarfe daga dutse, jikoki sun ɓuge da bin 'yan gwangwan. Gaskiya ne ƙasar Kano ta daɗe da sanin tama. Masu binciken kayan tarihi sun tarar da burbushin wurin narka ƙarfe a dutsen Dala wanda awo ya nuna ya kai ƙarni na 7, kuma labarin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya, neman tama ne ya kawo su gindin wannan dutsen. Gaskiya ne kuma narkar tama ta yi ta ja da baya bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, har ta shuɗe, don ƙarfen Turai da tarkacen motoci sun fi ta arha, sun fi ta sauƙi. Amma wanda ya zauna ya kalli aikin da kyau zai ga wani ilimi ne ya gaji wani. Mai narka tama ya san ƙarfensa tun daga rami, abin da ya fito masa jiya shi zai fito gobe. Mai aiki da tsohon ƙarfe kuwa kullum baƙo yake saukewa: bai san garinsu ba, bai san wahalar da ya sha a hanya ba, kuma tilas ya karanci halinsa kafin ya ba shi masauki a wuta.

Ƙasar ce ma ta sa sana'ar ba ta mutu ba. Minjibir tana arewa maso gabas da birnin Kano, cikin karkarar nan da gida ke kallon gida, gona ke jingine da gona. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun haura 200,000 a fili murabba'in kilomita 416, wato sama da mutum 500 a kowane murabba'in kilomita. A irin wannan cunkoso babu zancen barin gona ta huta. Kowace shekara ana kai taki, ana huɗa, ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, ana noman farko, ana maimai. Masanin nan Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki na kewayen Kano tun daga shekarun 1960, yana mamakin yadda ƙasa ke ciyar da wannan jama'a ba ta gaza ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, jigawa yashi ce, yashi kuwa cin ƙarfe yake yi. Fartanyar da ta fara damina da faɗi takan ƙare ta a ƙanƙance, bakinta ya zama kamar an lashe. Masu lambu a bakin madatsar ruwan Wasai su kuma ba su san hutun rani ba. Saboda haka da zarar bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, rumfar maƙeri takan cika da tsofaffin garemani da fartanyu masu jiran koɗa ko sabon ruwa.

Aikin yana farawa tun ba a hura wuta ba. Saurayi ya shigo da guntun sifirin da ya samo wurin makaniki, ya durƙusa ya ce, "Sannu da aiki, Baba. A duba mini wannan, ko zai yi gatari." Tsohon ba ya amsawa nan take. Sai ya riƙe ƙarfen da yatsu biyu, ya bar shi yana reto, ya ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma, ya kasa kunne. Lafiyayyen sifirin amonsa tas yake fita, ya daɗe yana kaɗawa. Wanda ya tsage a ciki amonsa a dushe yake, ya mutu nan da nan. Wannan gwajin ba camfi ba ne. Sifirin da ya yi shekaru yana lanƙwashewa yana miƙewa a kan hanya mai ramuka yakan tara ƙananan tsagu da ido ba ya gani, kuma wuta ba ta warkar da su, sai dai ta ɓoye su zuwa ranar da gatari zai rabu biyu a jikin itace. Shi ya sa za ka ji amsar ta zo kamar haka: "Wannan ya gaji, ɗana. Gefen nan zai ba ka lauje biyu. Gatari kuwa nemo wani."

Bayan kunne sai magagari. Maƙeri ya goga shi a gefen ƙarfen ya ji ko yana ci ko yana zamewa. Wanda ke da dutsen wasa na inji yakan kara ƙarfen a jikinsa ya dubi tartsatsi: idan ya fita dogo, a miƙe, ba rassa, ƙarfen mai taushi ne, idan ya fita yana fashewa yana rassa, mai tauri ne. Abin da yake aunawa da ido da kunne, injiniyoyi suna kiransa sinadarin kabon, wato ɗan gawayin da ke gauraye cikin ƙarfe. Bambancin kuwa ƙanƙane ne ƙwarai. Falankin ƙarfe irin na tanki da durom kabon ɗinsa bai kai kashi ɗaya bisa huɗu na kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ko an ba shi ruwa ba ya yin taurin kirki. Sifirin mota yana da kamar kashi 0.6 cikin 100. Ƙarfen layin dogo ya ɗan ɗara haka. Tsohon magagari yakan kai kashi 1 ko ya wuce, shi ya sa yake yin aska da wuƙar da ba ta dakushewa da wuri, amma ka sa shi sara ya ɓalle. Ƙarfen zubi irin na gidan inji kuwa, mai kashi 2 zuwa 4, ba ya ƙeruwa sam: ka gasa shi ka doka, ya wargaje a kan uwar maƙera. Tsakanin fartanyar da za ta yi damina uku da wadda za ta lanƙwashe ranar farko, abin da ke akwai bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma mutumin nan yana rarrabe shi ba ma'auni ba takarda.

Daga nan sai rabon aiki. Kowane ƙarfe da inda ya dace. Mai taushi ya tafi garma da fartanya, waɗanda ke son faɗi da rashin nauyi, kuma in sun haɗu da dutse gara su lotsa a gyara da su tsage a zubar. Sifirin ya tafi gatari da adda da gizago da lauje. Rodin gini ya zama dagi, ko ƙusa, ko mariƙin ƙofa. Abin da ya rage daga yanka ba a zubarwa, zai zama tsinken tsire ko ƙugiya.

Gawayi ma ba kowanne ba. Maƙera sun fi son na ƙirya, don yana da nauyi, yana riƙe wuta, ba ya saurin zama toka. Ɗan zuga, wanda galibi ɗan gida ne ko almajirin sana'a, shi ke kan zugazugan fatar akuya, ko kuma, a rumfuna da yawa yanzu, yana juya wilin keke da aka haɗa da 'yar fanka. Kada ka raina shi. Zuga ita ce ajin farko, kuma a nan yaro ke koyon karatun wuta shekaru kafin a ba shi guduma. Rumfar kanta da gangan ake barinta da duhu-duhu, domin a cikin hasken rana ƙarfen da ya yi ja ba ya nuna jansa. Launi shi ne ma'aunin zafin maƙeri. Ja mai duhu bai isa duka ba. Ja wur an fara. Ruwan goro zuwa ruwan ɗorawa, wajen digiri 1,000 zuwa 1,200 a ma'aunin Salsiyos, nan ƙarfe ke bin guduma yadda ake so. In ya wuce nan ya yi fari ya fara feshin tartsatsi a cikin wuta, to ya ƙone, kuma ƙonannen sifirin ba shi da magani sai a yanke wurin. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, haka karin maganar ta ce, amma ba ta faɗi cewa zafin yana da ƙofa biyu ba, ta shiga da ta fita, kuma tsakaninsu 'yan daƙiƙu ne.

Abin da ya fi burge ni a duk aikin shi ne lissafin da ke kan maƙeri lokacin da ya ɗago ƙarfe da awartaki. Guduma ba ta ƙara ƙarfe, ba ta rage shi, kora shi kawai take yi daga wani wuri zuwa wani. Ka faɗaɗa shi, ya yi sirara. Ka ja shi ya yi tsawo, ya tsuke. Ka doke shi ta ka, ya gajarce ya yi kauri. Mai son fitar da gatari daga sifirin dole ya san tun farko inda zai tara nama da inda zai kwashe: baki ya baje ya yi fiffike, tsakiya ta riƙe kauri don nauyin sara, gindi ya tsuke ya zama wutsiyar da za a gasa a soka cikin ƙota. In ya kore ƙarfe da yawa zuwa baki, wutsiya ta rame ta karye a wuya. In ya bar shi a wutsiya, bakin ya fito ƙarami. Kuma kowace komawa wuta tana da kuɗinta, gawayi na ƙarewa, ɓawon ƙarfe na zuba. Gwani yakan gama a wuta kaɗan abin da ɗan koyo zai yi ta kai da kawo a kansa har la'asar. Idan aikin babba ne sai a ga mutum biyu ko uku a kan uwar maƙera guda, maigida da ƙaramar guduma yana nuna wurin duka, masu masaba suna sauke nauyi a daidai inda ya taɓa, ba wanda ya ce da wani uffan.

Sai ban ruwa, inda ake gane wanda ya gada da wanda ya shigo. Ƙarfe mai kabon in aka gasa shi ya yi ja daidai, aka tsoma shi a ruwa farat ɗaya, yakan yi taurin da magagari ba ya kama shi, amma ya zama mai saurin fashewa. Jan da ake nema yana ɗan sama da digiri 770, inda ƙarfe ke daina kama mayen ƙarfe. Masu koyo a makarantun fasaha da mayen ƙarfen suke gwadawa, tsoffin maƙera kuwa ido ya ishe su. Gwani ba ya tsoma gatari gaba ɗaya. Baki kawai yake sa wa ruwa, ya ɗago, ya goge gefen da dutse don ya yi haske, sa'an nan ya tsaya yana kallon zafin da ya rage a jiki yana gangarowa zuwa baki. Launi ke tafe a gaban zafin: na busasshiyar ciyawa da fari, wajen digiri 230, sai ruwan hanta, sai shuɗi, wajen digiri 300. Wuƙa da aska ana tsayar da su da wuri don su riƙe kaifi. Gatari da adda ana bari launin ya ƙara nisa don su jure sara. Da launin da ake so ya iso baki, sai a nutsar da shi duka a kashe tafiyar. Wasu sukan yi amfani da baƙin mai maimakon ruwa in sifirin ne, domin mai ba ya fizgar zafi da gaggawa, ƙarfen bai cika tsagewa ba.

Fartanyar falanki ba ta shiga wannan lissafi sosai. Ita koɗa ce maganinta: a doddoke bakin har ya yi sirara, kuma dukan da kansa yana ƙara masa ɗan tauri. Wannan halin, na ƙarfe ya taurara saboda duka, shi ne ƙofar shiga ɗaya ɓangaren sana'ar.

Hausawa sun raba maƙera gida biyu, na baƙi da na fari. Philip Jaggar, wanda aka fi sani da nazarin nahawun Hausa, ya rubuta littafi guda a kan maƙeran birnin Kano, aka buga shi a 1994. Maƙeran fari su ne masu azurfa da jan ƙarfe da tagulla, masu zobe da munduwa da warwaro da adon linzami da likkafa. Su kam tun fil azal da ƙarfen wasu suke aiki. Ibn Battuta, da ya sauka Takedda a 1353, ya ba da labarin sandunan jan ƙarfe da ake fitarwa daga can zuwa Gobir da Barno. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba daga Solingen ta Jamus, a nan Kano ake yi musu ƙota da kube a sayar har ƙasar Buzaye. Da sulallan azurfa na Turawa suka shigo, da yawansu a wuta suka ƙare, suka fito 'yan kunne da zobba. Yau kuma tsohon kan famfo, da wayar lantarki, da tarkacen injin da ke da tagulla su ne abincin tukunyar narki. Masu zubin tukwane sun bi sahu da gwangwanin lemo da fistin mota, tunda alminiyom a digiri 660 yake narkewa, wutar gawayi ta ishe shi.

Tagulla halinta kishiyar na baƙin ƙarfe ne, kuma wanda ya kawo mata dabarar gatari zai sha mamaki. Ita a sanyi ake dukanta. Tana bin guduma da farko, amma kowane duka yana ƙara mata tauri, har ta kai inda in aka ƙara ɗaya sai ta tsage. Kafin a kai nan maƙeri yake ji a hannunsa da kunnensa: ta daina tafiya, amonta ya ƙara kaifi. Sai ya mayar da ita wuta ya ɗan gasa ta, ta saki jiki, ta koma laushi, ya ci gaba. Ko ya tsoma ta a ruwa bayan gashin ba ta taurara, sanyi kawai take yi. Wato ruwan da ke ƙarfafa gatari ba ya yi wa tagulla komai, wutar da ake shirya gatari da ita kuma ita ke sassauta tagulla. In an wuce kima wajen narka ta, tutiyar da ke cikinta, wadda ke tafasa a digiri 907, sai ta tashi farin hayaƙi, tagullar ta canza launi, mai shaƙar hayaƙin ya kwana da zazzaɓi.

Wannan ilimin na tagulla yana da 'yan uwa a wuri mai nisa, inda ba za a zata ba. A Amurka, inda doka ta ba da dama, akwai mafarauta da masu gasar harbi da ke cika harsashinsu da hannu a gida. Abin da ya fi tsada a harsashi shi ne kwansonsa, wanda ake yi da tagulla mai kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, kuma shi ne kaɗai ke saura bayan harbi. Saboda haka suke tsince shi su sake amfani da shi. Gwanayen cikinsu sukan wuce nan: su ɗauki kwanson da aka yi wa wata bindiga su sake masa siffa ya dace da wata, ko don harsashin tsohuwar bindigar ya ɓace a kasuwa, ko don suna neman wani awo da babu kamfanin da ke yi. Sukan shafa masa mai, su tura shi da injin matsi na hannu cikin wani ƙarfe mai rami wanda aka ƙera da siffar da ake so, wuyan kwanson ya tsuke ko ya buɗe.

Ka saurari matsalolinsu, za ka rantse a rumfar maƙera kake. In an tsuke wuya, tagullar ba ta da inda za ta sai ta yi kauri ta yi tsawo, dole a datse a kuma rage kaurin. In an buɗe shi, ya yi sirara, yana iya tsagewa. In canjin da yawa ne, ba a yi a tashi ɗaya, sai mataki-mataki. Matsin yana taurara tagulla kamar yadda guduma ke yi, don haka su ma sai sun gasa ta ta saki. Amma wuya da kafaɗa kawai ake gasawa. Gindin kwanso dole ya zauna da taurinsa, domin shi ke tare matsin da yakan kai ninki 4,000 na matsin iskar da muke ciki, kuma fuskar mai harbi tana bayansa. Gefe guda laushi, gefe guda tauri, a jikin abu ɗaya da bai fi yatsa ba: lissafin gatari ke nan aka juya shi. Har matsalar baƙon ƙarfe suna da ita, domin lambar da aka buga a gindin kwanso tana nan tana faɗin tsohon awonsa bayan an sauya shi, wanda ya yarda da rubutun bai auna ba yana iya jin ciwo.

Abin lura shi ne yadda kamfanoni suka ɗauki waɗannan masu gwaje-gwajen. Harsashin da sojan Amurka suka karɓa a 1906, mai suna .30-06, kwansonsa ya haifi 'ya'ya da yawa. Wasu maƙeran bindiga suka tsuke wuyansa suka sami .25-06, aka yi shekaru kusan hamsin ana yinsa da hannu kafin kamfanin Remington ya karɓe shi a 1969. Wasu suka buɗe wuyan a 1922 suka sami .35 Whelen, shi ma Remington ya fara buga shi a 1988. Kamfanin Winchester da kansa ya fitar da .308 a 1952, bayan shekara uku ya tsuke shi ya fitar da .243. Wato abin da mutum ya fara a bayan gidansa da hannu, masana'anta ta zo ta same shi, ta auna, ta rubuta, wani lokacin har da sunan wanda aka yi dominsa a jiki.

Ba kira nake yi a kawo wannan reshen nan ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba, aikin na masana'antar tsaro ne irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, kuma duk wanda ya san abin da harsashi ya yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina ba zai so a ƙara ko ɗaya ba. Alaƙar maƙeranmu da bindiga wadda za a yi alfahari da ita tsohuwa ce, ta fada. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, bindigogi suka fara shigowa, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron Sarki. Jikokin wannan runduna su ne ke cika gari da ƙara da hayaƙi ranar Hawan Daushe, kowane harbi da hannu aka ɗura shi, kuma in kunamar bindiga ta lalace wurin maƙeri ake kai ta. Abin da ya haɗa mai kwanso na Amurka da mai gatari na Minjibir sanin halin ƙarfe ne, kuma namu ya fi faɗi, domin shi wancan tagulla iri ɗaya yake juyawa da kayan awo na kamfani, namu kuwa ƙarfe iri goma yake juyawa da ido da kunne da awartakin da shi ya ƙera abinsa.

Sai dai shi namu, masana'anta ba ta taɓa zuwa ta same shi ba. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 har yau ba ta ba shi ko sanda ɗaya ta sabon ƙarfe ba. Tsohon ƙarfen ma da ya dogara da shi yanzu yana da masu so da yawa: 'yan gwangwan suna bi gida-gida da sikeli, ana loda tireloli ana kai wa kamfanonin narka ƙarfe, sifirin da makaniki kan ba maƙeri kyauta a da yanzu sai an auna shi a kilo, ko a je kasuwar Ƙofar Ruwa a saya. Ƙirya tana ƙaranci, gawayinta na tsada. Ga kayan kanti masu sheƙin fenti da arhar farko, waɗanda ba a yi su don jigawar Kano ba, ba a kuma yi su don a koɗa ba. Yaran gidan da dama sun koma walda, wanda ba laifi ba ne, sana'a ce mai kyau, amma mai walda haɗa ƙarfe yake yi, bai cika buƙatar sanin abin da ke cikinsa ba. Ranar Sallah ana jin dundufa, ana kallon maƙera suna wasa da wuta, ana tafi, ana tsokanarsu da Buzaye abokan wasansu. Washegari kuma a zo ana taya fartanya kamar ana taya tumatir ɗin yamma.

Kwalejojin fasaha na jihar Kano suna koyar da darasin ƙarfe daga littafi, da jadawalin kabon da na launin zafi, alhali mutanen da ke aiki da wannan jadawalin da ka suna zaune tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga birni. Ya kamata a ɗauko Sarkin Maƙera da manyan almajiransa a kai su aji a biya su kamar kowane malami, a kuma kai ɗalibai rumfa su yi zuga. Hukumomin aikin gona da ke raba kayan noma su fara sayen na maƙeran yankin maimakon na kwantena. Kai kuma mai karatu, in ka je sayen gatari kafin damina, tambayi maƙerin da wane ƙarfe ya yi shi da irin ruwan da ya ba shi. In ya amsa maka dalla-dalla, biya shi kuɗin da ya faɗa.